Amsoshin Tambayoyinku: Rimot Na Tayar Da Inji A Mota Mai Giyar Hannu

TAMBAYA

Ni ɗalibi ne a birnin Winifeg na ƙasar Kanada. Na sayi tsohuwar Honda Civic mai giyar hannu, saboda a nan mutane ba su cika son manuwal ba, sai na same ta da sauƙi. Matsalata ita ce sanyi. Da asuba sai in ga maƙwabta sun danna rimot daga cikin ɗaki, motarsu ta tashi, kafin su fito ta yi ɗumi, ƙanƙarar gilashi ta narke. Ni kuwa ina waje ina kankare gilashi, yatsuna kamar za su tsinke. Na je wani shago, suka ce su ba sa taɓa manuwal ko nawa zan biya. Na je wani, suka ce za su sa mini, amma kuɗin ya fi na otomatik. Wani abokina kuma ya ce duk neman kuɗi ne, in sayo mai araha ta intanet, zai haɗa mini wayoyi biyu a wajen kuloci, kafin la'asar an gama. Wa zan bi a cikinsu? Kuma da gaske ne motar tana iya tafiya da kanta?

Daga mai karatunku a Winifeg, Kanada.

AMSA

Allah ya ba da sa'ar karatu, ya sassauta muku wannan sanyi.

Bari in fara da tambayarka ta ƙarshe, don ita ce uwar sauran. E, da gaske ne. Mota mai giyar hannu da aka tayar daga nesa alhali tana cikin giya, tafiya za ta yi, ba kowa a ciki. Abin da shagon farko yake gudu ke nan, kuma ban ga laifinsu ba, da muguwar rawa gara ƙin tashi. Shago na biyu ma gaskiya suka faɗa maka: ana sawa, akwai na'urorin da aka ƙera domin manuwal, aikinsu kuma ya fi yawa, shi ya sa kuɗin ya ɗara. Abokinka ne kaɗai ba zan ce ka bi ba. Wayoyinsa biyu za su yi aiki, motar za ta tashi kafin la'asar kamar yadda ya yi alkawari, amma za ta tashi ko da a wace giya ka bar ta.

Na'urar nan ba wani abin al'ajabi take yi ba. Ɗan ƙaramin akwati ne da ake ɓoyewa a ƙarƙashin dashbod, a haɗa shi da wayoyin da suke fitowa daga wajen makulli. Idan ka danna rimot sai ya yi abin da hannunka yake yi: ya kunna wuta, ya juya kik na 'yan daƙiƙoƙi, da ya ji inji ya kama ya saki. Abin da ba ya iyawa shi ne wanda kake yi kafin ka murɗa makulli, wanda ka saba da shi har ba ka lura kana yi: ka taka kuloci, ka girgiza sandar giya hagu da dama ka tabbatar tana firi. Akwatin ba shi da ƙafar taka kuloci, ba shi da idon ganin sanda.

A otomatik wannan ba abin damuwa ba ne. Makulli ma ba ya zaruwa sai giya tana P, kuma akwai makunni a jikin giyabos da yake hana kik juyawa in ba a P ko N take ba. Yawancin motocin manuwal ba su da irinsa, makunnin da za ka tarar a jikin giyabos ɗinsu na fitilar ribas ne kawai. Ke nan babu wayar da akwatin zai tambaya ko giya tana firi. Shi ya sa kamfanonin da suke fito da mota da wannan rimot tun daga masana'anta, irin su Chevrolet Malibu ta 2004 wadda tana cikin na farko-farko, kusan duk a otomatik suke sa shi.

Ka ɗauka ka dawo da dare a gajiye, ka faka a ƙofar gida, ka bar ta a giya ɗaya kamar yadda aka koya wa kowane direban manuwal. Da safe kana kurɓar shayi ka danna rimot. Kik ƙarami ne a ido, amma ƙarfi gare shi. Duk wanda ya taɓa ganin direba ya janye motar da ta mace a tsakiyar titi da makulli kaɗai, tana zabura tana zabura har gefen hanya, ya san haka. To, kik zai ja motar gaba. In aka yi rashin sa'a injin ya kama, ba zabura ɗaya za ta yi ta tsaya ba. Injin da ya kwana cikin sanyi silonsa a sama yake, yakan wuce juyi 1,200 a minti, kwamfutar motar kuma aikinta ke nan ta hana shi mutuwa, da ta ji nauyi sai ta ƙara masa mai. Haka motar za ta yi ta tafiya da saurin mutum mai sassarfa, sitiyari a kulle, har ta sami abin da ya tare ta. Ko ƙofar gareji, ko motar maƙwabci, ko yaron da ya fito jiran motar makaranta.

Za ka ce ai birkin hannu yana ja. Civic ɗinka tayoyin gaba ne suke jan ta, birkin hannu kuwa na baya yake riƙewa. A kan ƙanƙara tayoyin baya suna iya zama a daskare ba sa juyawa, na gaba su ja su suna sulɓi. Balle tsohuwar mota da kebul ɗinta ya riga ya saki.

Yanzu mu zo kan wayoyin abokinka. Motocin da aka yi wa kasuwar Amurka da Kanada sun daɗe suna zuwa da ɗan makunni a saman fedar kuloci, in ba ka taka ta har ƙasa ba kik ba zai juya ba. Masu karatu na gida da suka saba da 406 da Golf 'yan Beljiyam za su yi mamaki, don nasu da yawa ba su da shi, ana murɗa makulli suke amsawa. Tunda ba mai taka kuloci lokacin da rimot zai tayar da mota, dole a san yadda za a yi da wannan makunni. Abin da abokinka yake nufi shi ne ya haɗe wayoyinsa biyu gaba ɗaya, motar ta riƙa ɗauka kullum a take yake. Ka lura da kyau: fedar tana nan a sama, faifan kuloci a manne yake, inji da tayoyi a haɗe suke. Ƙarya kawai aka yi wa motar. Kuma ƙaryar ba ta tsaya kan rimot ba, har makullinka na hannu ya rasa wannan kariya. Ranar da ka miƙa hannu daga waje ka murɗa, ko bakanike ya jingina da ƙofa ya kunna don ya saurari inji, sai dai Allah ya kiyaye. Mai aikin da ya san abin da yake yi rile yake sawa, wanda zai haɗa wayoyin na daƙiƙoƙin da kik yake juyawa kaɗai, shi ma sai in daga akwatin umarnin ya fito. Da inji ya kama rilen ya saki, makunnin ya koma bakin aikinsa.

Akwai kuma ha'inci na biyu, wanda ya fi wannan ɓoyuwa. Akwatuna da yawa suna iya aiki a mota iri biyun, wajen sawa ake gaya musu wace iri ce. A wasu 'yar waya ce ake yankewa, a wasu ta kwamfuta ake saitawa. Mai son gama aiki da wuri sai ya gaya wa akwatin motar otomatik ce. Daga nan ba zai ƙara tambayar komai ba, ana dannawa zai tayar. Mai mota ya tafi yana murna an yi masa aiki marar wahala, bai san abin da aka ɗaura masa ba.

To in babu wayar da za ta ba da labarin giya, ta yaya na'urar kirki take sanin tana firi? Da hujja take aiki. Masu ƙera ta, irin su Compustar da Viper a can wajenku, da StarLine a Rasha inda manuwal take da yawa ga kuma sanyi, duk dabara ɗaya suka bi. A shagunan Kanada za ka ji ana cewa rizabeshan, wato tun da dare kake yi wa tashin safe tanadi. Ka iso gida inji yana aiki. Ka mayar da giya firi, ka ja birkin hannu, ka ɗauke ƙafa daga kuloci da birki. A wasu na'urorin sai ka danna maɓalli a rimot, a wasu jan birkin hannun ya isa. Ƙananan fitilu za su yi walƙiya, alamar akwatin ya karɓi ragama. Sai ka murɗa makulli ka zare, ka ji inji bai mutu ba. Ranar farko abin zai ɗaure maka kai, makulli a hannunka mota tana ta aiki. Ka fito ka rufe ƙofa. A lokacin ne, ko kuma da ka danna kulle a rimot, injin zai mutu, ƙofofi su kulle.

Dubi hikimar da ke ciki. Inji yana juyawa, direba ya fita, ba ƙafa a kan kuloci, motar kuma ba ta motsa ba, ba ta mutu ba. Ba yadda za a yi haka ta faru sai in giya tana firi. Abin da ya rage shi ne a tabbatar ba wanda ya taɓa sandar kafin safiya. Kamar mai shago ne da ya danna kwaɗo da hannunsa: muddin ya dawo ya tarar da kwaɗon yadda ya bar shi, ya san kayansa suna inda ya ajiye su. Shi ya sa da zarar an buɗe ƙofa, ko wacce ce, tanadin ya rushe. Ka danna rimot da safe, fitilu su yi maka walƙiya, motar ta ƙi tashi. Ba lalacewa ta yi ba, aikinta ke nan. In kuwa komai ya tafi daidai ta tashi, sai ka shiga ka sa makulli, ka murɗa zuwa inda fitilun dashbod suke kamawa ba tare da ka kai ga kik ba, ka taka birki, akwatin ya sakar maka motarka.

A nan ne mutane suke gajiya. Ka gama tanadi ka shiga gida, ka cire takalmi, sai ka tuna ka bar jakar littattafai a kujerar baya. Ka koma ka ɗauko, shi ke nan, sai ka sake tayar da mota da makulli ka maimaita komai daga farko, a cikin sanyin da ya sa ka sayi na'urar. In haka ta yi ta faruwa sai wani ya koma shago ya ce a cire masa wayar ƙofa. Duk shagon da ya yarda ya yi wannan, ya mayar da na'ura mai tsada daidai da wayoyin abokinka. Wanda ya san ba zai iya haƙuri da wannan ɗawainiya ba, gara ya haƙura da rimot ɗin, ko ya sayi otomatik.

Ka kuma tambaya ko duk ƙofofin aka haɗa. A wasu motocin kowace ƙofa da wayarta, mai gaggawa sai ya kama ta direba kaɗai ya bar sauran. In motar mai ƙofar baya ce da ake ɗagawa sama, ita ma ƙofa ce, don ta nan ana iya rarrafawa har kujerar gaba. Makunnin ƙofa kuma yakan ci tsatsa, musamman a garin da ake zuba gishiri a titi lokacin hunturu. Gwajinsa ba wuya: buɗe kowace ƙofa ita kaɗai, ka ga ko fitilar rufi ta kama. Ƙofar da ba ta kunna fitila ba, akwatin ma ba zai ji buɗewarta ba.

Duk da haka tsarin yana da kafofi, gara ka san su. In gilashi a sauke yake, ana iya miƙa hannu a tura sandar giya ba tare da an buɗe ƙofa ba. Saboda wannan ne ake hana sa na'urar a manuwal mai rufin tanti da wadda ake cire ƙofofinta. In ka yi tanadi ka bar mutum a ciki, to hujjar ta faɗi tun daga tushe. Idan ya fita ta ƙofa ba matsala, tanadi ya rushe. Amma yaro da ya zauna a ciki yana wasa da sanda, ko babba da ya ga mota a firi ya tura ta giya ɗaya don taimako, kai kuma ka danna rimot daga cikin kanti don su ji ɗumi, wannan babu wayar da za ta gani.

Don toshe irin waɗannan kafofi aka ƙara sansa mai jin motsi. Compustar suna da wadda suke kira DAS. Ana ɗaure ta sosai a jikin mota, da ta ji motar ta zabura lokacin tayarwa sai ta yanke wuta. Ka nemi a sa maka irinta ko da da ƙarin kuɗi. Sai dai ka sani sai mota ta motsa take ji, don haka rage ɓarna take yi, zaburar farko kam sai ta faru. Wasu motocin kuma, kamar wasu Subaru da Mazda, suna da makunnin firi a jikin giyabos. Inda aka samu sai a haɗa shi a matsayin ƙari a kan tanadi.

Akwai abin da nake so ka yi tunani a kansa tun kafin ka cire ko sisi, wato birkin hannu. Daga ranar da aka sa na'urar nan, motarka a firi za ta riƙa kwana, birkin hannu kaɗai ke riƙe da ita. Ga shi kuma a garuruwan sanyi direbobin manuwal da yawa akasin haka suke yi: su bar ta a giya su ƙi jan birkin hannu, don in ruwa ya shiga rigar kebul ya daskare, ko takalmin birki ya manne, da safe sai ka sauke sanda birki ya ƙi saki. Tanadi ba ya tafiya da wannan dabara. Saboda haka kafin shagon rimot, fara biyawa wajen bakanike ya duba kebul ɗin. In rigarsa ta tsage a canza, in ya saki a ɗaure. Kuma kada jar fitilar dashbod ta ruɗe ka. Tun ƙarar farko ta sandar take kamawa, birki bai riƙe komai ba tukuna, kuma wayar wannan fitilar ce akwatin yake saurara. Shi a wajensa ƙas ɗaya da ƙas-ƙas-ƙas bakwai duk ɗaya ne. Kai ne za ka ja har ka ji ta kama. Sa'arka ɗaya, Winifeg shimfiɗaɗɗen gari ne, ba tudu ba kwari. Amma ranar da ka yi tafiya ka faka a gangare, ka manta da rimot: ka sa giya, ka ja birki, ka karya sitiyari wajen gefen titi, gobe ka fito ka tayar da hannunka.

Sauran matakan tsaron na kowace mota ne, manuwal ko otomatik. Dole a sa makunni a bonet, yadda in a buɗe yake rimot ba zai yi aiki ba. Rashin wannan ne yake sa inji ya tashi hannun bakanike yana tsakanin fanka da bel. Dole a haɗa wayar birkin ƙafa, yadda ɓarawon da ya fasa gilashi ya shiga yana taka birki inji zai mutu. Dole akwatin ya riƙa jin juyin inji, don kada kik ya ci gaba da niƙa bayan inji ya kama. Sannan a nuna maka yadda ake kashe na'urar gaba ɗaya, ka riƙa kashewa duk ranar da za ka kai mota gyara ko ka ba wani aro.

Sai batun makulli. Tun daga watan Satumba na 2007 dokar Kanada ta wajabta wa sabbin ƙananan motoci su zo da na'urar hana sata, wadda ba ta barin inji ya tashi sai ta ji 'yar ƙwayar lantarkin da ke cikin kan makulli. Honda ta riga dokar ma, Civic tun daga ta 2001 da ita take zuwa. Rimot kuwa ba makulli zai tayar, don haka sai an nemo masa hanya. Tsohuwar dabara ita ce a karɓi makullinka na biyu a sa cikin ɗan akwati a ɓoye a ƙarƙashin dashbod. Ka rasa safaya ke nan, ka kuma ajiye wa ɓarawo makulli a cikin mota. Yanzu akwai ƙananan na'urori da ake loda musu manhajar kowace mota, su yi magana da kwamfutarta kai tsaye a lokacin tayarwa kaɗai. Fortin da iDatalink, manyan masu yin su, duk kamfanonin yankin Montiriyal ne. Ka ce irin wannan kake so. Ka kuma tuntuɓi masu inshorarka kafin a taɓa wannan ɓangare. A Manitoba hukumar gwamnatin lardi ce take riƙe da inshorar dole ta motoci, kuma Winifeg ta sha fama da satar mota a shekarun 2000, don haka na'urar hana sata ba abin wasa ba ce a wajensu.

Kada ka kuskura ka danna rimot mota tana cikin gareji, ko da ƙofarsa a ɗage take, muddin a jikin gida yake. Iskar kabon monoksaid da ke cikin hayaƙin mota ba ta da wari ba ta da launi, kuma mutanenmu sun san abin da hayaƙin janareta yake yi wa iyali a dare ɗaya. Ranar da dusar ƙanƙara ta sauka da yawa, leƙa ka ga bakin salansa bai toshe ba kafin ka tayar. Rimot kuma a rataye shi inda hannun yaro ba ya kaiwa. Yawancin na'urorin ana saita su su kashe inji bayan minti 15, amma ba sai ka cinye su ba. Inji mai lita 2 a tsaye yakan sha wajen lita ɗaya ta mai a awa ko fiye, kuma ya fi saurin ɗumi in ana tafiya da shi a hankali. Minti biyar zuwa goma sun isa gilashi ya soma narkewa, in dai tun da dare ka bar hita a kunne ka juya iskarta wajen gilashi. Dokoki ma sun bambanta daga gari zuwa gari. A Toronto an hana barin inji yana aiki a tsaye fiye da minti ɗaya, a Ingila laifi ne ka bar mota a kan titi inji yana aiki ba kowa tare da ita, Jamus ma ta hana barin inji yana aiki ba dalili.

Wani abin da masu shago ba lallai su gaya maka ba: rimot ba ya tayar da injin da sanyi ya kayar. In sanyi ya kai digiri 30 ƙasa da sifili, abin da ba baƙo ba ne a Winifeg cikin Janairu, baƙin mai yakan yi kauri, batir ya rasa kaso mai yawa na ƙarfinsa. Maganin wannan shi ne wayar nan da kake gani tana leƙowa daga gaban motocin garin. Hita ce a jikin inji, ana jona ta da soket, awa uku ko huɗu kafin fita sun wadatar. Motocin da aka sayar a lardunan tsakiyar Kanada yawanci da ita suke zuwa, ka ɗaga bonet ka duba ko taka tana da ita, wani lokacin wayar a naɗe take a ciki ba a taɓa warware ta ba. In kuɗin ɗalibi bai kai ga komai da komai ba, a ganina batir mai kyau, da baƙin mai irin wanda littafin motar ya ce a yi amfani da shi cikin sanyi, da wannan hita, su ne a gaba. Rimot ya biyo baya.

Na san akwai masu karatu a Sakkwato da Maiduguri da Yamai da Damagaram da za su ce su ma suna so, don zafin Afrilu, lokacin da sitiyari ba ya taɓuwa, a tayar da mota esi ya sanyaya ta kafin a shiga. Ƙa'idar ɗaya ce, amma a wajenmu haɗarin ya fi kusa. Mota a tsakar gida ko ƙofar gida take wuni, inda yara suke wasa, ana shimfiɗa tabarma a inuwarta, akuya ta kwanta a ƙarƙashinta. Saboda zafi mun saba barin gilashi a ɗan sauke, ga yara da son shiga mota su yi wasan direba. Na'urorin jiniyar mota masu araha da suke zuwa da maɓallin tayarwa a rimot ɗinsu, da yawa ba su da tsarin tanadi, wasu wayar birkin hannu kaɗai suke dubawa. Riwaya zai haɗa maka cikin awa ɗaya, araha kuwa ba ta ado. In don kulle ƙofa da jiniya ka saya, ka ce masa ya naɗe wayar kik ya bar ta. Mota mai kafireta ma ba ta dace da wannan ba, tunda tana son a ɗan taka totur ko a ja cok kafin ta kama. Wanda kuma ya sayi manuwal 'yar Amurka ko Kanada ya ga rimot na daban a jikin makulli, ko 'yar eriya manne a saman gilashin gaba ta ciki, ya sa a duba masa yadda aka haɗa kafin wani ya danna don ya ga abin da zai faru.

Kai kuma ɗan'uwa, je ka shago na biyu, amma kada ka biya sai an yi gwaji a gabanka, a fili, ba mota ba mutum a gabanta ko bayanta. A kashe inji da makulli kamar yadda ka saba, ba tanadi, a danna rimot. Bai kamata ta tashi ba. A yi tanadi a buɗe ƙofa ɗaya a rufe, a danna, a maimaita da kowace ƙofa ɗaya bayan ɗaya. Duk bai kamata ta tashi ba. A tayar da ita da rimot a ɗaga bonet, a sake tayarwa a sauke birkin hannu, a sake tayarwa a taka birkin ƙafa. Kowane karo inji ya mutu nan take. Kai kuma ka zauna ka sa giya firi, ka murɗa makulli ba tare da ka taka kuloci ba; in kik ya juya, wayoyin abokinka aka yi maka da tsada. Gwajin sansar motsi kuwa mai aikin ne zai yi da kansa, yana zaune a kujerar direba ƙafarsa a kan birki. In suka ce ba su da lokacin wannan, ko gwaji ɗaya ya faɗi suka ce ba komai, kada ka karɓi motar sai sun gyara. Ka rubuto mana yadda kuka yi da su.